Yadda Ɗan Kwangila Zai Nemi Aikin Gwamnati Ba Tare da Ya Faɗa Tarkon Cin Hanci Ba

Yawancin masu neman kwangilar gwamnati a Najeriya sun san cewa jami'in da ya karɓi cin hanci yana iya faɗawa hannun hukuma, amma ba kowa ya san cewa hukuncin da doka ta tanadar wa mai bayarwa ya fi na jami'in faɗi ba, domin shi ne ke da kamfanin da za a rufe wa ƙofa da daraktocin da za a gurfanar tare da shi. Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sanya wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta ce a sashe na 58 duk wanda ba ma'aikacin gwamnati ba da aka samu da saɓa mata zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba kuma bai wuce 10 ba, babu zaɓin biyan tara. Idan kamfani ne aka samu da laifi, za a haramta masa shiga kowace kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin kwangilar, sannan kowane darakta da sunansa ke cikin rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ya fuskanci ɗaurin shekara 3 zuwa 5. Wannan ya haɗa da matarka ko ƙanenka da ka sanya sunansu cikin daraktoci don cike gurbi kawai, alhali ba su taɓa taka ƙofar ma'aikatar ba.

Matakin farko shi ne ka tantance dokar da ke iko da aikin da kake nema. Dokar 2007 ta tarayya ce, kuma Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, wato BPP, ita ke sa ido a kanta. Tana aiki a kan ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya, da kuma duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa ya fito daga asusun tarayya. Idan aikin na jiha ne, sai ka nemi dokar wannan jihar, kamar yadda Kaduna ke da hukumar KADPPA, Kano da Jigawa ma kowacce ke da ofishinta na bin ƙa'idar kwangila. Dokokin jihohi sun kwaikwayi ta tarayya a abubuwa da dama, sai dai wa'adi da iyakar kuɗi kan bambanta, don haka kada ka ɗauki adadin kwanakin da za a ambata nan gaba ka ɗora shi a kan aikin jiha ba tare da ka duba ba. Dokar hukumar ICPC ta 2000 kuwa, wadda ta hana cin hanci da rashawa, ba ruwanta da wannan rabe-rabe, tana hawa kan kowa a faɗin ƙasar.

Mataki na biyu shi ne gyara takardun kamfani tun kafin a buga tallar aiki. Tallace-tallacen kwangilar tarayya kan nemi takardar rajistar CAC, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun shaida daga hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar shiga rumbun bayanan 'yan kwangila na BPP, da lissafin kamfani da akanta ya tantance. Galibin masu faɗawa laifin takardar bogi ba da niyyar zamba suka fara ba. Wa'adi ne ya ƙure musu, sai wani dillali a bakin ofis ya ce zai fitar musu da takardar haraji kafin gobe. Doka ba ta duba wannan uzuri. Amfani da takardar jabu laifi ne a sashe na 58 na dokar 2007, haka ma cusa wata takarda cikin fayil bayan an buɗe tayi, kuma dokar ta ambaci takardar haraji da takardar lamunin banki da suna a matsayin misali. Saboda haka idan wani jami'i ya tausaya maka ya ce ka kawo takardar da ta yi saura da yamma zai saka maka, ku biyun ya jefa cikin laifi ɗaya.

Cikin waɗannan takardu akwai guda da mutane ke sa wa hannu ba tare da sun karanta ba, ita ce takardar rantsuwa da sashe na 16 ya wajabta a haɗa da kowane tayi. A cikinta kana bayyana ko akwai wani jami'in kwamitin ma'aikatar ko na BPP da yake darakta ko mai hannun jari a kamfaninka, yanzu ko a da, ko yake da wata moriyar kuɗi a cikinsa, kuma kana tabbatar da cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Kafin ka je kotu yin wannan rantsuwa, ka zauna da abokan kasuwancinka ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai wata alaƙa, ka bayyana ta. Bayyanawa tana iya sa a janye jami'in daga kwamitin, ɓoyewa kuwa tana mayar da takardar da ka sa wa hannu ta zama hujja a kanka. Jami'in ma ba zai tsira ba, domin sashe na 12 na dokar ICPC ya tanadi ɗaurin shekara 7 ga ma'aikacin da ya mallaki wani kaso a ɓoye cikin kwangilar ofishin da yake aiki.

Mataki na uku ya fi kowanne wahala ga Bahaushe, domin ya taɓa abin da muka tashi muka tarar a matsayin mutunci. Daga ranar da aka buga talla har zuwa ranar da aka bayar da aikin, ka yanke duk wata hulɗa da jami'an ma'aikatar in ba a rubuce ba. Kuɗin sayen takardun neman aiki ka biya shi zuwa asusun bai-ɗaya na gwamnati, ka adana rasit, kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi. Idan akwai abin da ba ka gane ba a cikin sharuɗɗan, ka rubuta wasiƙa zuwa adireshin da tallar ta nuna, domin ƙa'ida ita ce a raba amsar ga duk masu takara, kada wani ya san abin da wani bai sani ba. Ziyarar gidan darakta da dare, ko kiran sakataren kwamiti don jin nawa ma'aikatar ta ƙiyasta, duk suna shiga ƙarƙashin yunƙurin karkatar da tsarin don samun fifikon da bai dace ba.

Batun kyauta kuma a nan ake yawan yaudarar kai. Ragon layya, buhun shinkafa a azumi, gudunmawar bikin 'yar oga, kujerar Umara, ko alƙawarin ɗaukar ɗan jami'i aiki a kamfaninka, babu wanda ke kiransu cin hanci a bakinsa. Goron Sallah ake cewa, ko ihsani, ko gaisuwa. Amma sashe na 16 na dokar 2007 ya ba da damar fitar da kai daga takara idan aka tabbatar ka bayar ko ka yi alƙawarin kuɗi, ko wani abu mai daraja, ko aikin yi, ga ma'aikacin hukumar na yanzu ko wanda ya bar aiki, da nufin karkatar da hukunci. Dokar ICPC ta fi haka zafi: sashe na 9 ya tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai bayarwa, kuma idan aka tabbatar mai riƙe da kwangila ko mai nemanta ne ya ba jami'in wannan ma'aikata wani abu, kotu za ta ɗauka cin hanci ne har sai an kawo hujjar akasin haka. Sashe na 60 kuma ya toshe ƙofar da kowa ke son bi, domin ya ce ba za a saurari shaidar cewa irin wannan kyauta al'ada ce a wata sana'a ko a wajen wani biki ba. Tsarin Mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar, ya yarda ma'aikaci ya karɓi kyauta daga dangi da abokai gwargwadon al'ada, amma kyautar da ta fito daga mai kwangila da gwamnati ana ɗaukarta saɓa ƙa'ida ce sai an nuna ba haka ba. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da mai karɓar zakka, Ibnul Lutbiyya, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya tambaya me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ɗan kwangila yana iya juya tambayar zuwa kansa: da mutumin nan ya yi ritaya bara, ragon zai je gidansa?

Kada kuma ka zaci sanya ɗan kamasho a tsakani zai wanke ka. Mutumin da ya ce yana da hanya a ma'aikata, a ba shi kashi goma idan aiki ya fito, sau da yawa jakar jami'in yake riƙewa, kuma doka ta hukunta bayarwa ta hannun wani kamar yadda ta hukunta bayarwa kai tsaye. Idan da gaske kana buƙatar mai ba da shawara wajen shirya takardu, ku rubuta yarjejeniya da ta faɗi aikin da zai yi da ladansa, ka biya shi ta banki, kada kuma ladan ya rataya a kan cin kwangilar.

Mataki na huɗu ya shafi abokan takara, kuma a nan babu jami'in gwamnati ko ɗaya da ake buƙata kafin laifi ya tabbata. Abu ne sananne mutum ɗaya ya shigar da kamfani uku a aiki guda, biyu su sa farashi mai tsada don na ukun ya zama mafi araha. Haka kuma 'yan kwangila kan zauna su raba ayyuka, wannan naka, na gaba nawa, ko a ba wani kuɗin sallama ya janye. Duk waɗannan haɗa baki ne da maguɗin tayi a sashe na 58 na dokar 2007, kuma ba sai an samo takardar yarjejeniya ba, domin dokar ta yarda a gane haɗa baki daga yanayin ayyukan da aka yi. Irin alamun da mai bincike ke dubawa ba ɓoyayyu ba ne: adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya, kuskuren rubutu iri ɗaya a takardun kamfanoni biyu, ko lamunin banki da aka karɓo daga reshe ɗaya a rana ɗaya da lambobi a jere. Tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana wa CAC masu iko na haƙiƙa a kan kamfani, ɓuya a bayan sunan direba ko ɗan riƙo ta ƙara wuya. Idan aikin ya fi ƙarfin kamfaninka, hanyar halas ita ce ku yi haɗin gwiwa a fili, ku shigar da tayi guda tare da takardar yarjejeniyarku, matuƙar sharuɗɗan aikin sun yarda da haka.

Akwai kuma daddatsa kwangila, wato a raba aiki guda zuwa ƙanana don kowanne ya tsaya ƙasa da iyakar kuɗin da shugaban hukuma ke iya amincewa da shi ba tare da an haura sama ba. Wasu tsofaffin hannu har yanzu suna kafa hujja da shari'ar Bode George, tsohon shugaban hukumar gudanarwar tashoshin jiragen ruwa, wanda wata kotu a Legas ta ɗaure a 2009 kan tuhumar da ta haɗa da daddatsa kwangila, sannan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a watan Disamba na 2013. Abin da suke mantawa shi ne dalilin sokewar: a lokacin da aka yi abin da aka tuhume shi da shi, babu rubutacciyar doka da ta mayar da daddatsa kwangila laifi. Dokar 2007 ta cike wannan giɓi da sunansa. Idan aka ba ka takarda huɗu a rana ɗaya don katangar makaranta guda, kowane gefe da tasa takardar, ka san abin da ake yi da sunan kamfaninka.

Mataki na biyar gajere ne. Ka rufe tayinka, ka sa hannu, ka jefa shi da kanka a akwatin da aka tanada kafin lokaci ya cika, ka karɓi shaidar da ta nuna rana da lokaci. Idan an nemi lamunin banki, doka ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari na farashin da ka sa. Sannan ka zauna a buɗe a gabanka, domin sashe na 30 ya ce a buɗe a bainar jama'a da zarar wa'adi ya cika, a kira sunan kowane mai takara da kuɗin da ya sa, a rubuta. Ka rubuta naka kai ma, ka lura ko 'yan sa ido biyu da sashe na 19 ya ce a gayyato, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru ɗaya daga ƙungiyar farar hula, sun halarta. Wannan 'yar takarda da ka rubuta ita ce za ta nuna idan wani farashi ya canza tsakanin ranar buɗewa da ranar bayarwa.

Mataki na shida shi ne abin yi idan aka fito fili aka ce sai ka kawo wani abu. Kada ka yi alƙawari ko da na kawar da zance ne, domin alƙawarin kansa laifi ne. Ka nemi a rubuta maka buƙatar a hukumance, wanda yawanci shi ke kashe maganar. Da zarar ka fita, ka rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, ka adana saƙonnin waya yadda suke. Sashe na 23 na dokar ICPC ya ɗora wa duk wanda aka nemi cin hanci daga gare shi wajibcin sanar da jami'in hukumar ko ɗan sanda mafi kusa da wuri, kuma yin shiru ba tare da uzuri ba yana iya jawo tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. EFCC ma tana karɓar irin wannan ƙorafi, a Kano kuma akwai hukumar jiha ta karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci. Sashe na 64 ya ce a sakaya sunan mai ba da labari, amma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya kai ƙarya da gangan, don haka abin da ka gani ko ka ji da kunnenka shi kaɗai za ka rubuta. Gaskiya ce cewa mai kai ƙara yana tsoron kada a daina ba shi aiki a wannan ma'aikata, kuma tsarin fallasa da gwamnatin tarayya ta fito da shi a Disamba 2016 manufa ce ta gwamnati, bai kai ƙarfin dokar majalisa ba. Shi ya sa ya fi kyau ka bi ta hannun lauya, kuma idan wasu masu takara sun fuskanci irin wannan buƙata, kowa ya rubuta nasa.

Mataki na bakwai shi ne wanda ƙananan 'yan kwangila suka fi asara a kansa, ba don ba su da gaskiya ba, sai don sun ɓata makonni suna neman wanda zai yi musu magana da oga har wa'adi ya wuce. Idan ba ka ci aikin ba, kana da haƙƙin neman a yi maka bayanin dalili, kuma ka tuna cewa doka ba ta ce a ba mafi araha kawai ba, ta ce a ba mafi araha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan bayanin bai gamsar da kai ba, sashe na 54 na dokar 2007 ya shata hanya. Za ka rubuta ƙorafi zuwa ga babban jami'in da ke riƙe da amanar kuɗin wurin, wato Babban Sakatare a ma'aikata ko Darakta Janar a hukuma, cikin ranakun aiki 15 daga ranar da ka san abin da ya faru ko ya kamata ka sani. Mako uku ke nan idan babu hutu a tsakani. Shi ma yana da ranakun aiki 15 ya ba da amsa a rubuce. Idan bai amsa ba ko amsar ba ta yi maka ba, kana da ranakun aiki 10 ka kai wa BPP, ita kuma ta dakatar da ci gaba da batun har ta yanke hukunci cikin ranakun aiki 21. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30. Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya zarce kotu yana iya ganin an kori ƙararsa tun ba a taɓa gundarinta ba.

A cikin wasiƙar ka faɗi lambar aikin, da sashen dokar da kake ganin an saɓa, da abin da kake so a yi, ka haɗa kwafin hujjojinka, kuma ka tabbata an buga hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata a kan naka kwafin. Zagi da zargin da babu hujja ba sa ƙara wa ƙorafi nauyi. Idan hujjar tana hannun ma'aikatar, dokar 2007 ta wajabta adana bayanan kowace kwangila na shekara 10 tare da buɗe waɗanda ba na sirri ba ga jama'a, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka.

Idan Allah ya sa kai ne ka ci aikin, tarkon bai ƙare ba, wuri kawai ya sauya. Kafin ka kai ko buhun siminti ɗaya, ka tabbata aikin yana cikin kasafin kuɗi, kuma idan kuɗinsa ya kai iyakar da ke buƙatar takardar amincewar BPP, ka ga takardar da idonka, domin aikin da aka bayar ba tare da ita ba rusasshe ne a doka. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu sayen takardar kwangila daga hannun wanda aka ba don ladan siyasa. Kuɗin kafin alƙalami, wanda Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga iyakarsa daga kashi 15 zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, ana bayar da shi ne bisa lamunin banki ko na kamfanin inshora, ma'ana duk abin da ka yanka daga ciki ka mayar wa wani, kai za a bi bashinsa. Kada ka yarda a yi aringizon farashi don a fitar da kason wasu, kada kuma ka sa hannu a takardar kammala aikin da ba a kammala ba. Idan aka riƙe maka biya don a matse ka, sashe na 37 na dokar 2007 ya ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman biya kuma an tabbatar da aikin ya zama jinkirtaccen biya, kuma akwai ƙarin da ke hawa kansa gwargwadon abin da aka rubuta a yarjejeniya, don haka ka duba wannan saɗara tun kafin ka sa hannu.

Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu, irin su AGILE na ilimin 'yan mata da ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa, suna da ƙarin ƙa'ida a kan ta gida. Bankin yana da ikon duba littattafan kamfaninka, yana da masu bincikensa, kuma yana wallafa sunayen kamfanonin da ya haramta wa aiki. Tun 2010 akwai yarjejeniya tsakaninsa da Bankin Raya Afirka da wasu manyan bankunan raya ƙasa uku cewa haramcin da ya wuce shekara ɗaya a wurin ɗayansu yana aiki a wurin sauran. Haka kuma idan kana aiki a ƙarƙashin wani kamfanin Amurka ko na Birtaniya, dokar hana cin hanci ta Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 suna bin su har Najeriya kan abin da wakilansu suka bayar, kamar yadda kamfanonin KBR da Halliburton suka biya dala miliyan 579 a 2009 kan cin hancin da aka bayar don kwangilar gina masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny. Irin waɗannan kamfanoni za su nemi ka cike takardun bayyana masu kamfaninka da alaƙarka da jami'an gwamnati, kuma za su sa sharaɗin soke yarjejeniya nan take idan aka samu ka ɓoye wani abu, don haka ka ajiye fayil guda na kowane aiki, daga kwafin talla har rasit na biyan ƙarshe, aƙalla na tsawon shekara 10 ɗin da ita ma ma'aikatar za ta ajiye nata.